Immaculata, kwalejin sistoci da ta ci kofin Amurka sau uku a jere

Duk mai bibiyar wasan ƙwallon kwando na mata a Amurka ya saba jin sunayen manyan jami'o'i irin su Connecticut da Tennessee da South Carolina, masu zaurukan wasa da ke cin dubban 'yan kallo da kociyoyin da albashinsu ya kai miliyoyin daloli. Amma wanda ya bi jerin zakarun ƙasar ya gangara zuwa shekarun 1972 da 1973 da 1974, suna ɗaya zai gani sau uku a jere, sunan da ko a cikin Amurkawa ba kowa ne zai iya nuna wurinsa a taswira ba, wato Immaculata. A wancan lokaci kwaleji ce ta 'yan mata zalla, ɗalibanta ba su kai dubu ba, sistocin ɗarikar Katolika ne ke tafiyar da ita, kuma tana kan wani tudu a gundumar Chester ta jihar Pennsylvania, kimanin kilomita 32 yamma da birnin Filadelfiya, a ƙarshen jerin ƙananan garuruwan da suka taso a gefen layin dogo. Masu ba da labarinta sun fi son su kira abin da ya faru abin al'ajabi, kamar dai 'yan matan sun faɗo ne daga sama da kofi a hannu. Ni kuwa ban gamsu da wannan ba, domin idan aka bi tarihin makarantar da na birnin da ke ciyar da ita da ɗalibai, za a ga cewa an daɗe ana share fagen wannan nasara, kuma dalilan da suka kawo ta su ne suka sa ba ta daɗe ba.

Tushen makarantar yana jihar Michigan ne, nesa da Pennsylvania. A shekarar 1845, a garin Monroe, wani fada ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Louis Florent Gillet da wata sista mai suna Theresa Maxis Duchemin suka kafa ƙungiyar mata masu zaman zuhudu domin koyar da yara, wadda aka fi sani da haruffan IHM, wato bayin tsarkakakkiyar zuciyar Maryamu. Mai karatu da ya san makarantar St. Louis ta Kano, ko tsohuwar Queen of Apostles ta Kakuri a Kaduna wadda ta koma Queen Amina, ya san irin wannan tsari, inda mata suka bar aure da dukiya suka mayar da koyar da 'yan mata aikin rayuwarsu. Ita Theresa Maxis labarinta ya cancanci a tsaya a kansa. An haife ta a Baltimore a 1810, mahaifiyarta 'yar gudun hijira ce mai jinin Afirka daga Haiti, mahaifinta kuma Bature ne hafsan sojan Ingila. Tana cikin matan farko na ƙungiyar Oblate Sisters of Providence, wadda baƙaƙen mata suka kafa a 1829, kuma da ta koma Michigan sai ta zauna a matsayin farar fata, tun da launin jikinta ya ba ta damar yin hakan.

A 1858 ƙungiyar ta buɗe reshe a Pennsylvania bisa gayyatar Bishop John Neumann na Filadelfiya. Wannan faɗaɗawa ta jawo saɓani da bishop na Detroit, wanda ya sauke Theresa daga shugabanci a 1859, aka raba ƙungiyar gida biyu. Daga baya matar da ta kafa gidan ta yi kusan shekara goma sha takwas a Ottawa ta ƙasar Kanada a matsayin baƙuwa a wajen wasu sistoci, sai a 1885 aka yarda ta dawo West Chester, inda ta rasu a 1892. An daɗe ana rage ambaton sunanta a tarihin ƙungiyar, kuma masana tarihi na baya-bayan nan sun danganta hakan da asalinta. A ganina bai kamata a tsallake wannan ba idan ana maganar Immaculata, makarantar da a shekarun ɗaukakarta mafi yawan ɗalibanta jikokin farar fata ne 'yan ci-rani daga Turai.

Reshen da ya kafu a West Chester shi ne ya sayi fili a kan tudun nan, ya gina katafaren gini mai koriyar ƙubba da ake hangowa daga nesa, aka mayar da makarantar sakandaren 'yan mata ta Villa Maria can a 1914. A 1920, shekarar da matan Amurka suka sami 'yancin jefa ƙuri'a a duk faɗin ƙasar, jihar Pennsylvania ta ba makarantar izinin ba da digiri da sunan Villa Maria College, ta zama kwalejin Katolika ta farko ta mata a yankin Filadelfiya. A 1929 aka sauya mata suna zuwa Immaculata. Shekaru arba'in da suka biyo baya ba su da wani abin labari mai yawa. Kwalejin ta yi ta yaye malaman makaranta da masana abinci da tattalin gida da masu koyar da kiɗa, yawancinsu 'ya'yan ma'aikata da 'yan ƙananan sana'o'i waɗanda su ne na farko a gidajensu da suka taka matakin digiri, kuma da dama daga cikinsu kullum suke zuwa daga gida su koma.

Abin da ya fi muhimmanci yana faruwa ne a cikin birni. A 1844 an yi tarzoma a Filadelfiya kan wace fassarar Littafi Mai Tsarki za a karanta wa yara a makarantun gwamnati, har aka ƙona majami'un Katolika biyu, St. Michael da St. Augustine. Darasin da shugabannin Katolika suka ɗauka shi ne su gina nasu makarantu, kuma Bishop Neumann ya tsara su a ƙarƙashin hukuma ɗaya, sannan a 1884 babban taron bishop-bishop na Baltimore ya wajabta wa kowace majami'a ta kafa makaranta. Da tafiya ta yi nisa, sai unguwannin 'yan asalin Ayalan da Italiya da Folan da Jamus suka cika da makarantun firamare da manyan makarantun sakandare na Katolika, na maza daban, na mata daban. A makarantar da babu yara maza, babu wanda zai ce wa 'yan mata su bar fili maza su yi atisaye, kuma ƙwallon kwando wasa ne mai araha da ya dace da cunkoson birni, domin ƙwallo ɗaya da zobe biyu da ɗan daɓe sun wadatar. Don haka yarinya kan fara buga gasar majami'u tun tana firamare, ta wuce gasar makarantun sakandaren Katolika, inda zauruka kan cika maƙil da iyaye da sistoci da 'yan makaranta, a daidai lokacin da jihohi da dama na Amurka suka soke gasar 'yan mata gaba ɗaya bisa tunanin cewa gudu da gumi ba su dace da 'ya mace ba. Immaculata ta fara buga wasa da sauran kwalejoji tun 1939, kuma ba ta taɓa buƙatar fita neman 'yan wasa ba. Theresa Shank daga makarantar Cardinal O'Hara ta zo, Marianne Crawford daga Archbishop Prendergast, Rene Muth kuma daga Villa Maria Academy, dukkansu makarantun Katolika na kewayen birnin, kuma dukkansu sun iso kwaleji da ƙwarewar shekaru.

A 1970 kwalejin ta ɗauki wata matashiya 'yar shekara 22 mai suna Cathy Rush aikin koci a kan dala 450 a shekara. Ba 'yar Katolika ba ce, 'yar ɗarikar Baptist ce, ta yi karatu a kwalejin gwamnati ta West Chester da ke maƙwabtaka, kuma mijinta Ed Rush alƙalin wasa ne a gasar NBA ta ƙwararrun 'yan wasa maza. Ta tarar da ƙungiyar da ba ta da zauren wasa, domin wanda ake da shi ya ƙone a 1967, saboda haka ana atisaye ne a ɗan zauren gidan sistoci masu koyon zuhudu da kuma zaurukan aro na makarantun yankin. Kayan wasan kuwa doguwar rigar ulu ce mai naɗe-naɗe har kusan gwiwa, da farar taguwa a ciki da ɗamara a ƙugu, irin suturar da aka ɗinka domin kare mutunci, ba domin tsere ba, wadda kan yi nauyi idan ta sha gumi.

Rush ta zo a kan gaɓa. Tun daga 1892, lokacin da Senda Berenson ta gyara wasan da James Naismith ya ƙirƙiro domin ya dace da ɗalibanta mata a kwalejin Smith, matan Amurka suna buga wani nau'i ne na daban, wanda daga baya ya zauna a kan 'yan wasa shida a kowane ɓangare, yawancinsu ba su da izinin tsallake layin tsakiya, kuma an daɗe ana ƙayyade sau nawa mace za ta buga ƙwallo a ƙasa kafin ta miƙa. Sai a 1971 aka amince a hukumance cewa mata su buga biyar da biyar a cikakken fili, tare da agogon daƙiƙa 30 da ke tilasta jefa ƙwallo. Kociyoyin mata da yawa a tsohon tsari suka girma, sai da suka koyi sabon daga farko. Ita kuwa Rush ta daɗe tana zama a zaurukan NBA tana kallon yadda ƙwararru ke matsa wa abokan hamayya tun daga ƙarƙashin zobensu, da yadda ake tare wa abokin wasa hanya ya sami sararin jifa, da yadda ake kai hari cikin sauri kafin masu tsaro su daidaita. Waɗannan ta kwaso ta ɗora wa 'yan matan da suka riga suka iya riƙe ƙwallo, kuma a tsakiyarsu akwai Theresa Shank, mai tsawon kusan mita 1.80, wadda 'yan wasa kaɗan ne a ƙasar za su iya ƙwace mata ƙwallon da ya dawo daga zobe.

A watan Maris na 1972 sabuwar ƙungiyar kula da wasannin mata a kwalejoji, AIAW, ta shirya gasarta ta farko ta ƙasa a jami'ar Illinois State da ke garin Normal. Kafin nan an yi gasa ta gayyata sau uku tun daga 1969, wadda Carol Eckman, kociyar West Chester, ta assasa kuma ta ci ta farko, amma wannan ce ta farko da ƙungiyoyi suka samu gurbi ta hanyar gasar shiyya. Immaculata ta samu nata gurbin da kunya, domin a wasan ƙarshe na shiyya West Chester ta lallasa ta da ci 70 da 38. Ga kuma matsalar kuɗin tafiya. 'Yan wasan suka sayar da burushin goge baki, aka yi karo-karo, duk da haka abin da aka tara bai isa kowa ba, sai 'yan wasa takwas kawai suka tafi tare da kociyarsu, da tikitin jirgi mai rangwame irin wanda mutum kan jira ya ga ko kujera ta rage, kuma hurhuɗu suka riƙa kwana a ɗaki. Masu shirya gasar sun sa su a matsayi na 15 cikin ƙungiyoyi 16. Suka ci wasanni uku a jere, har da na kusa da na ƙarshe da suka fitar da kwalejin mata ta jihar Mississippi mai riƙe da kambin 1971, sannan ranar 19 ga Maris suka sake haɗuwa da West Chester. Makarantu biyu da tsakaninsu bai wuce tafiyar 'yan mintoci a mota ba sun yi tafiyar fiye da kilomita dubu domin su raba gardama, kuma Immaculata ta ci 52 da 48. Wani ɗan jarida na yankin ya laƙaba musu suna Mighty Macs, sunan da ƙungiyoyin makarantar ke amsawa har yau.

Kakar 1973 ba a ci su ko sau ɗaya ba. Sun tsallake Southern Connecticut da kyar a wasan kusa da na ƙarshe, da ƙwallon da Shank ta tura cikin zobe ana gab da busa tashi, sannan suka doke Queens College a gidanta a New York da ci 59 da 52. Kociyar Queens, Lucille Kyvallos, ta taɓa horar da Rush a West Chester, abin da ke nuna ƙanƙantar duniyar wasan a lokacin. A 1974 a garin Manhattan na jihar Kansas suka ci Mississippi College 68 da 53, kofi na uku ke nan, kuma a wannan shekara suka yi rangadin wasanni a Ostireliya.

Abin da waɗanda suka ga zamanin suka fi tunawa shi ne 'yan kallo. Sistoci kan zo cikin dogayen rigunansu da lulluɓi su cika layuka, wasu da carbi a hannu, kuma idan wasa ya yi zafi ba su jin nauyin ɗaga murya. Mahaifin Rene Muth yana da shagon sayar da kayan gini da na aikin gida, shi ne ya riƙa kawo bokitan ƙarfe da sanduna ana raba wa iyaye da sistoci, su yi ta kaɗawa har abokan hamayya su kasa jin umarnin kociyarsu. Ƙarar ta kai ga masu shirya gasa suka hana shiga da bokitan. Ina ganin a nan ne ake gane bambancin Immaculata da manyan jami'o'in lokacin. A can, ƙungiyar mata wani ɗan reshe ne na sashen motsa jiki wanda shugaban jami'a bai san da zamansa ba. A nan kuwa babu ƙungiyar maza da za ta janye hankali, saboda haka makarantar gaba ɗaya, tun daga shugabarta har tsofaffin sistocin da ke jinya a gidan Camilla Hall, ƙungiya ɗaya suke da ita.

Shekarar 1975 ce ƙololuwar suna, kuma ita ce farkon gangara. Ranar 26 ga Janairu aka nuna wasansu da jami'ar Maryland a talabijin a faɗin ƙasar, karo na farko da aka yi wa wasan mata na kwaleji haka, suka ci 80 da 48. Ranar 22 ga Fabrairu suka kara da Queens a zauren Madison Square Garden na New York a gaban mutum kusan 12,000, suka ci 65 da 61. Amma Shank ta riga ta kammala karatu, kuma daga garin Cleveland na jihar Mississippi wata ƙaramar jami'a mai suna Delta State ta taso da kociya Margaret Wade da wata 'yar wasa baƙar fata mai tsawon mita 1.91, Lusia Harris, wadda ita ce ta ci makin farko a tarihin wasan mata a gasar Olamfik a Montreal a 1976. Delta State ta doke Immaculata a wasan ƙarshe na 1975 da ci 90 da 81, ta maimaita a 1976 da ci 69 da 64. A 1977 Immaculata ta ƙare a matsayi na huɗu, Rush ta ajiye aiki bayan ta ci wasa 149 an ci ta 15, kuma tun daga nan makarantar ba ta sake kusantar kofin ƙasa ba.

Ba tafiyar Rush kaɗai ta jawo hakan ba, kuma ita kanta ta ga abin da ke tafe. Wata uku bayan kofin farko, ranar 23 ga Yunin 1972, Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar gyaran ilimi mai ɗauke da sashen da ake kira Title IX, wanda ya haramta nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Da farko AIAW ta hana ba da tallafin karatu saboda wasa, domin shugabanninta, waɗanda malaman motsa jiki ne mata, suna ƙyamar yadda kuɗi ya mamaye wasannin maza. A 1973 aka kai ta kotu, ta janye haramcin. A 1975 gwamnati ta fitar da ƙa'idojin aiwatar da dokar, ta ba jami'o'i wa'adi zuwa 1978. Daga nan manyan jami'o'in jihohi, masu samun kuɗi daga wasannin maza, suka fara zuwa ƙofar gidajen irin 'yan matan O'Hara da Prendergast da tayin karatu kyauta da masauki da abinci. Uban da ke aikin masana'anta yana da 'ya'ya shida ko bakwai ba zai ce a'a ba, kuma babu mai ganin laifinsa. Immaculata ba ta da abin da za ta saka a ɗaya gefen ma'aunin. Jerin zakarun da suka biyo baya ya isa shaida: UCLA a 1978, Old Dominion a 1979 da 1980, Louisiana Tech a 1981.

Wasu na ba da wannan ɓangare da sigar makoki, kamar an yi wa ƙaramar makarantar fashi. Ban bi su a nan ba. Dokar da ta raba Immaculata da kofi ita ce ta ba dubban 'yan mata damar yin digiri ba tare da iyayensu sun ci bashi ba, kuma waɗanda suka fara cin moriyar sabon zamanin har da 'ya'yan Immaculata kansu. Marianne Crawford, wadda ta koma Marianne Stanley bayan aure, ita ce kociyar Old Dominion da ta ci kofunan 1979 da 1980, ta ƙara da na NCAA, babbar hukumar wasannin jami'o'in Amurka, a 1985, daga baya kuma ta kai jami'ar Southern California ƙara tana neman a biya ta daidai da kocin maza, ko da yake ba ta yi nasara a kotu ba. Rene Muth, wato Rene Portland, ta riƙe ƙungiyar Penn State daga 1980 zuwa 2007, ta ci wasa fiye da 600, ta kuma bar aikin cikin zargin nuna wariya ga wasu 'yan wasanta. Theresa Shank, wato Theresa Grentz, ta horar da tawagar Amurka da ta samu tagulla a Olamfik ta Barcelona a 1992, amma ranar da ta fi jan hankalina a tarihinta ita ce 28 ga Maris na 1982. A ranar, a zauren Palestra na Filadelfiya, ƙungiyarta ta Rutgers ta doke Texas da ci 83 da 77 a wasan ƙarshe na gasar AIAW ta ƙarshe, yayin da a Norfolk ta jihar Virginia ake buga wasan ƙarshe na gasar mata ta farko ta NCAA, babbar hukumar da maza ke jagoranta, wadda ta yi biris da wasan mata shekara da shekaru har sai da ta ga talabijin ta shigo. Ke nan matar da ta ci kofin AIAW na farko tana 'yar wasa ita ce ta ci na ƙarshe tana koci, kuma ba a jima ba ƙungiyar ta rushe. Girmamawa ta zo a makare: an shigar da Rush zauren gwarzayen ƙwallon kwando na Naismith a 2008, ƙungiyoyin 1972 zuwa 1974 a 2014, Grentz da Stanley kuma a 2022.

Ita makarantar ta ci gaba da fuskantar abin da ya fi rashin kofi nauyi. Tun daga ƙarshen shekarun 1960 yawan mata masu shiga zaman zuhudu a Amurka ya yi ta raguwa, alhali kwalejoji irin wannan sun dogara ne da sistocin da ke koyarwa kusan kyauta, don haka kowace sista da ta yi ritaya sai an maye gurbinta da malami mai cikakken albashi. A lokaci guda jami'o'in Katolika na maza, irin su Villanova da Saint Joseph's, suka buɗe ƙofa ga mata, 'yan mata kuma suka rage sha'awar makarantar mata zalla. Immaculata ta bi hanyar da takwarorinta suka bi: darussan yamma ga manya masu aiki, maza da mata, sai digiri na biyu da na uku a fannoni irin su ilimi da nazarin halayyar ɗan Adam, da horar da ma'aikatan jinya. A 2002 ta zama jami'a, a 2005 ta fara ɗaukar samari a karatun digirin farko na rana, sannan a 2017 ta naɗa Barbara Lettiere, tsohuwar ɗalibarta da ta kammala a 1972, shugaba ta farko da ba sista ba.

Shigowar maza ta sauya ma'anar wasanni a makarantar. Yanzu tana rukuni na uku na NCAA, inda doka ta hana ba da tallafin karatu saboda wasa, wato dai ta koma inda ta fara, sai dai a wannan karo abokan karawarta ma haka suke. Tana da ƙungiyoyin maza da na mata a ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando da guje-guje da wasu wasannin da Amurkawa suka fi sani. A irin wannan rukuni lissafin a bayyane yake, ko da ba a cika faɗinsa a fili ba: kowane ɗan wasa ɗalibi ne mai biyan kuɗin makaranta, kuma saurayin da ke son ya ƙara shekara huɗu yana buga wasan da ya saba tun sakandare zai zaɓi makarantar da ta ba shi riga, ko da 'yan kallonsa iyayensa ne da abokan ɗakinsa. Buɗe sabuwar ƙungiya mai mutum talatin hanya ce ta cika kujeru talatin a aji. Wasu za su ga wannan a matsayin faɗuwa daga Madison Square Garden, amma ga makarantar da ke rayuwa da kuɗin ɗalibai, shi ne abin da ke biyan albashi.

Ko hakan ma ba tabbas ba ne. A 2018 Immaculata ta haɗu da wasu ƙananan makarantu shida suka kafa gasar Atlantic East, yawancinsu na Katolika, ciki har da Marywood ta garin Scranton, wadda wani reshen IHM ɗin ne ya kafa ta. Daga cikin bakwai ɗin da suka fara, kwalejin Wesley ta narke cikin jami'ar Delaware State a 2021. Jami'ar Cabrini da ke Radnor, wadda ita ma sistoci ne suka kafa ta a matsayin kwalejin mata, ta ci kofin ƙasa na rukuni na uku a wasan lacrosse na maza, wanda ake bugawa da sanda mai raga, a 2019, amma bashi da ƙarancin ɗalibai suka sa ta rufe a 2024, Villanova ta karɓi harabarta. A 2025 kwalejin Rosemont, wata tsohuwar makarantar mata ta Katolika a kan layin dogon nan, ta sanar da cewa za ta haɗe da Villanova ita ma. Immaculata tana nan a kan tudunta tana ɗaukar ɗalibai, kuma ƙungiyarta ta mata na buga wasanninta na gida a cikin harabar makarantar.